Rashin dawwama a koyarwar Buddha: abin da Balsall Heath ke nunawa

Zancen ƙarewar duniya ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe. Waƙoƙin wa'azi na zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da 'yarsa Nana Asma'u cike suke da shi, ga kuma karin maganar nan, duniya rawar 'yammata, na gaba ya koma baya. Saboda haka in aka gaya masa mabiya Buddha suna da koyarwa a kan rashin dawwama, wadda suke kira anicca a harshen Pali, sai ya ce ai tsohon labari ne. Ni kuwa ina ganin da bambanci, kuma a cikin bambancin amfanin yake. Wa'azinmu ya fi karkata ga ranar da abu zai ƙare. Koyarwar Buddha tana duban yadda abu ke sauyawa tun yana tsaye da ƙafafunsa, da kuma abin da ke sauya shi.

Siddhattha Gotama, wato Buddha, ya rayu a arewacin Indiya wajen ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A koyarwarsa, duk abin da ya samu ta haɗuwar sababai yana ɗauke da alamu uku: ba ya dawwama, ba ya ƙosar da zuciya, kuma babu wata tsayayyiyar zati a cikinsa. Shi kansa mutum an kasa shi kashi biyar, wato jiki, da jin daɗi ko zafi, da ganewa, da ƙudurorin zuciya, da sani, kowanne yana tasowa yana gushewa. Wahala, a wannan fahimta, daga ƙishirwar riƙe abin da ba ya riƙuwa take fitowa. Sai dai ginshiƙin maganar shi ne sababi: abu yana nan ne saboda sababansa suna nan, in suka kau shi ma ya kau.

Unguwar Balsall Heath da ke kudu da tsakiyar Birmingham a Ingila wuri ne mai kyau na gwada wannan. Filin noma ce a dā, ta cika da gidajen bulo a ƙarni na 19, aka shigar da ita cikin birnin a 1891. Yahudawa sun zauna, mutanen Ailan sun zo neman aiki, 'yan Yaman suka kafa zawiya a titin Edward a shekarun 1940, sannan mutanen Karibiyan da Pakistan da Kashmir, daga baya Somaliyawa. A bakin unguwar, a titin Park na Moseley, cibiyar mabiya Buddha ta ƙungiyar Triratna tana cikin ginin da dā majami'ar Yahudawa ce. Ko babban gunkin Buddha na tagulla da ke gidan tarihin birnin baƙo ne: masu shimfiɗa layin dogo suka tono shi a Sultanganj da ke jihar Bihar ta Indiya, ya iso Birmingham a 1864, bayan ya shafe ƙarnoni a binne, addinin da ya ƙera shi ya daɗe da dusashewa a ƙasar haihuwarsa.

Kowane ayarin da ya sauka a unguwar ya kira ta tasa, kuma kowanne ya yi kukan ta lalace da na bayansa suka iso. A nan koyarwar take da abin faɗa. Ƙuncin tsohon mazauni na gaske ne, amma tushensa ɗaukar wani zango guda na tarihin wuri a matsayin ainihin wurin. Mu da muka san gardamar ɗan ƙasa da baƙo a Jos, ko tarihin Sabon Garin Kano, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Akwai suka mai nauyi da ake yi wa wannan tunani: in komai mai wucewa ne, me zai sa mutum ya tashi ya gyara? Ashe ba hanyar naɗe hannu ba ce? Tarihin Balsall Heath ya ba da amsa. Tun daga shekarun 1950 sunanta ya ɓaci da karuwanci, farko a titin Varna, wanda aka rushe gidajensa, daga baya a titin Cheddar, inda mata ke zama a bakin taga suna jiran masu zuwa. Shekaru suka yi ta wucewa har jama'a da hukuma suka ɗauki abin tamkar halittar unguwar ce. A 1994 mazauna, yawancinsu Musulmi, suka fara tsayuwa a tituna dare da rana suna rubuta lambobin motocin masu zuwa neman mata. Cikin 'yan shekaru kasuwar ta mutu. Ba da sunan Buddha suka yi ba, amma hujjar ɗaya ce: sun gano sababin da ya riƙe harkar, wato sirrin mai zuwa da mota, suka zare shi. Mai ganin halin da ake ciki dawwamamme ne shi ne ke naɗe hannu. Adalci ya sa a ƙara da cewa masu bincike sun nuna yawancin matan wasu unguwanni kawai suka koma, wasunsu kuma sun sha tsangwama. Talaucin da ya fito da su bai kau ba, don ba a taɓa nasa sababin ba.

Haka batun gidan ninƙaya na titin Moseley da ke unguwar, wanda aka buɗe a 1907. An rufe babban tafkinsa a 2003, aka sa ginin a jerin wuraren tarihi na duniya da ke cikin haɗari a 2016, mutanen unguwa suka karɓi tafiyar da shi don kada ya mutu. Wanda ya san rufi yana ruɓewa kullum shi ke hawa ya duba. Guguwar 28 ga Yuli 2005, da ta yaye rufin gidaje da shaguna a titin Ladypool cikin 'yan mintoci, ita ce irin sauyin da kowa ke gani. Mai cinye gini a hankali sai mai lura.

Musulmi zai raka wannan koyarwa zuwa wani wuri ne ya tsaya. Ya yarda halitta duk mai gushewa ce, amma yana da Mahalicci wanda ba ya gushewa, yana da rai da za a tayar a yi masa hisabi, Buddha kuwa bai bar wa tsayayyen rai gurbi ba. Wannan saɓani ne na asali, kuma masu son daidaita addinai da ƙarfi ba su kyauta wa kowane ɓangare idan suka shafe shi. Abin da za a iya ɗauka ba tare da an taɓa aƙida ba shi ne hanyar dubawa: a tambayi kowane hali, na unguwa ko na zuciya, me ya haife shi, me ke ciyar da shi. A ganina wa'azin zuhudu a ƙasar Hausa ya ƙware wajen tsoratar da mai son duniya, amma ya yi ƙarancin wannan tambayar, shi ya sa sau da yawa mai sauraro ke tashi daga majalisi da raina duniya, kwatar ƙofar gidansa kuwa tana nan a toshe.