Daga Jingina zuwa Gwanjo: Yadda Mai Sayen Gida ke Karɓar Mabuɗi

A tsohuwar al'adar ƙasar Zamfara, daga Anka zuwa Gummi da Bukkuyum, wanda bashi ya ci ba ya rasa gonarsa har abada. Jingina yake bayarwa: mai kuɗi ya riƙe gonar yana nomawa, ranar da aka biya shi ya mayar, ko da magada ne suka zo fansa. Fiƙihun Malikiyya, wanda alƙalan Daular Sakkwato suka yi hukunci da shi, bai yarda abin jingina ya zama na mai bin bashi don kawai wa'adi ya cika ba. Alƙali ne ke sayarwa, a biya bashi, a miƙa wa mai dukiya ragowar.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, dokar 1910 ta sa ƙasar Arewa duka a hannun Gwamna, dokar 1962 ta gaje ta. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta shimfiɗa tsarin a Nijeriya baki ɗaya: filin birni na ƙarƙashin gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da izinin zama a kansa. Da bankuna suka fara karɓar takardar fili a matsayin jingina, sai aka samu abin da tsohuwar al'ada ba ta saba da shi ba, wato baƙo ya sayi gida a gwanjo alhali mutanen gidan na ciki.

Shari'u biyu na Kotun Ƙoli, dukansu daga Legas, su ne suka shata wa irin wannan mai saye iyaka, kuma hukuncinsu ya hau kan kotunan Zamfara. A shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, a 1989, kotun ta rushe jinginar da aka ƙulla ba da amincewar gwamna ba. Ke nan wanda ya saya a kan irin wannan jingina ya yi gini a kan rairayi. A 1986 kuwa, a shari'ar Ojukwu, kotun ta yi tir da Gwamnatin Legas saboda ta fitar da shi daga wani gida a Ikoyi da ƙarfin bindiga alhali magana na gaban kotu. Abin da aka hana gwamnati, ba a halatta wa ɗan kasuwa ba.

Saboda haka matakin farko shi ne tabbatar da takarda. Idan kotu ce ta yi gwanjon, doka ta ba da kwana 21 don ƙalubalantar cinikin, bayan haka ne ake ba mai saye takardar shaida. Filin karkara da aka sayar da umarnin kotu ma sai gwamna ya amince.

Na biyu, a san su wa ke cikin gidan. Idan wanda ake bi bashin ne, kotu ake roƙo ta ba da umarnin miƙa gida, ma'aikatanta su zartar. Idan 'yan haya ne, dokokin haya a yawancin jihohi sun tanadi notis na wata ɗaya ga mai biya wata-wata, wata shida ga mai biya shekara-shekara, sai kuma na kwana bakwai kafin a shigar da ƙara. Idan gidan gado ne da ba a raba ba, maganar ta fi nauyi: mutum ba ya jinginar da rabon 'yan'uwansa, kuma a Malikiyya abokin tarayya na da haƙƙin shufa'a, ya biya kuɗin da aka saya ya karɓi kason. Tun da Zamfara ta faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci a 2000, irin wannan da'awa tana da kotunan da za su saurare ta.

A yau garin Anka cike yake da mutanen da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyuka, wasunsu a gidajen dangi suke fake. Mai sayen da ya cire kwanon rufi ko ya sauya kwaɗo yana iya ƙarewa da biyan diyya, kuma ya zauna cikin maƙwabtan da ba za su manta ba. Shi ya sa masu hankali ke fara zuwa wurin mai unguwa ko hakimi a yanke wa'adin tashi, wani lokaci har da kuɗin kwashe kaya, a rubuta a sa hannu gaban shaidu. In sulhu ya gagara, kotu na nan.