Tsohuwar Kwalejin Katsina da Alaƙarta da Ƙasar Rabah

A unguwar Rafukka ta birnin Katsina akwai wani ginin ƙasa wanda tarihin shugabancin Arewacin Nijeriya ba ya cika sai an ambace shi, wato tsohuwar Kwalejin Horon Malamai, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922 domin ta samar wa makarantun larduna malamai Musulmi ’yan ƙasa. An gina ta ne bisa tsarin magina Hausawa, da tubali, wato curin ƙasa da ake shanyawa a rana, da kuma azara, wato faskararren itacen giginya da ake rufi da shi saboda gara ba ta cinsa, ta yadda ɗaliban da suka fito daga gidajen sarauta da na malamai ba za su ga wurin a matsayin baƙon abu ba.

Daga cikin waɗanda suka zauna a azuzuwanta akwai Ahmadu ɗan Sarkin Rabah Ibrahim, wanda nasabarsa ke komawa ga Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, mai hubbare a Wurno. Ya shiga kwalejin a 1926 bayan makarantar lardi ta Sakkwato, ya kammala a 1931, ya koyar a Midil ta Sakkwato, sannan aka naɗa shi hakimin Rabah a 1934, kafin ya zama Sardauna a 1938 da Firimiyan Jihar Arewa a 1954. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya zama Firayim Minista, shi ma ɗalibinta ne, don haka makarantar da aka kafa domin malamai ta zama inda aka reni waɗanda suka karɓi mulki daga hannun Turawa.

An mayar da kwalejin Kaduna a 1938, daga nan Zariya a 1949, inda ta zama Kwalejin Barewa, aka kuma sanya tsohon ginin cikin kayan tarihi na ƙasa a 1959. Sai dai ginin ƙasa ba ya rayuwa da doka kaɗai, domin yana bukatar yaɓe da gyaran indararo kafin kowace damina, wanda hakan ke nufin adana shi ya rataya ne a kan raya sana’ar maginan gargajiya da suka san aikinsa.