Marsandi ko Fijo, Lexus ko Camry: Tsohuwar Gardamar Ƙarkon Mota

Ranar Juma'a 13 ga Fabrairun 1976 aka harbe Janar Murtala Ramat Muhammad a cunkoson motocin Legas, yana cikin baƙar Marsandi. Gwamnatin da ta gaje shi, ta Janar Obasanjo, ta ɗauki tsarin rage facaka, ta ce manyan jami'an gwamnati su sauka daga motocin alfarma su shiga Fijo 504. Lokacin bai fi shekara guda da buɗe masana'antar haɗa Fijo ta Kakuri a Kaduna ba, wadda ta fara aiki a 1975, kuma kuɗin ƙarin albashin Udoji bai gama fita daga aljihun ma'aikata ba. Kan a ce kwabo, mota mai tambarin zaki ta cika titunan Arewa, tun daga ta babban sakatare har ta 'yan haya. Marsandi kuma ta zama ta attajirai da sarakuna. Tun daga nan ake gardama a garejin bakanike da majalisar dillalai: tsakanin motar manya da motar kowa da kowa, wace ce ke kai labari idan shekaru suka ja?

Fijo 504 ba don Afirka aka ƙera ta ba. A Faransa ta fito a 1968, ta ci kambun gwarzuwar motar Turai a 1969. Sai dai abin da Faransawa suka yi don jin daɗin zama shi ya dace da hanyoyinmu. Tana da tsayi daga ƙasa, shokozobanta na da doguwar tafiya, tayoyin baya ne ke turata, don haka gargada da yashi ba su cika karya ta ba. A 1975 ita ta lashe tseren Safari na Kenya, wanda ke cikin mafi wahalar tseren motoci a duniya. Babban sirrinta kuwa yana cikin injin. Silindojinsa hannun riga ne da ake zarewa a sa sabo, saboda haka idan inji ya gaji, bakanike zai sauke shi a gindin bishiya, ya canza fistin da ringi da silib, mota ta koma kamar jiya aka saye ta. Kafireto ne ke ba ta mai, kuma da sukuddireba ɗaya ake daidaita shi.

Tana da nata laifuffukan. Takan yi zafi har gasket ya ƙone, tsatsa na cin ƙasanta, ƙofofinta na sakin jiki. A gaskiya Fijo tana yawan lalacewa. Abin da ya sa aka san ta da ƙarko shi ne duk inda ta tsaya, daga Illela har Mubi, akwai wanda ya iya ta, kuma akwai kayanta a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano. An ci gaba da haɗa ta a Kaduna har tsakiyar shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da yin ban kwana da ita.

Marsandi ta wancan zamani wata aba ce daban. Samfurin da Jamusawa ke kira W123, wanda aka fara a 1976 aka yi kusan shekara goma ana ƙerawa, har ya kai kimanin miliyan 2.7, an gina shi ne da ƙarfen da ya fi buƙata. Ƙofarta idan ta rufe sai ka ji nauyinta a kunne. Masu injin dizal cikinsu su ne suka yi shekara da shekaru suna jigilar fasinja tsakanin garuruwan Maroko. Wani direban tasi a ƙasar Girka ya yi tafiyar kilomita miliyan 4.6 da yayarta, 240D, kafin kamfanin ya karɓe ta ya ajiye a gidan tarihinsa a 2004. Idan ana maganar ƙarfe da ƙarfe, babu musu Marsandi ta fi Fijo. Amma a nan gida, ranar da ta buƙaci wani abu, mai ita zai jira a kawo daga Legas ko daga Jamus, ya kuma nemi ɗaya daga cikin tsirarun bakanikan da suka san ta. Marsandi nawa ce ta mutu a bayan gida, tayoyi a sace, kaji na kwana a ƙarƙashinta, don wani ɗan abu da bai kai tafin hannu ba, alhali sa'arta Fijo da aka sauke wa inji sau uku tana can tana lodi a tasha?

Sai 1986 ta zo da shirin SAP na gwamnatin Babangida. Darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, aikin masana'antar Kaduna ya fara ja da baya. Kasuwa ta koma hannun motocin gwanjo na Turai, waɗanda ake kira 'yan Beljiyam, da waɗanda ake saukewa a Kwatano a biyo da su ta Gaya da Maraɗi a shigo ta Jibiya ko Illela. Marsandi 190 da V-Boot sun shigo ta wannan hanya, suka kuma yi suna. Amma a daidai wannan lokaci, a can wani ɓangaren duniya, ana shirya abin da zai sauya gardamar gaba ɗaya.

A 1981 Japan ta amince ta taƙaita yawan motocin da take turawa Amurka. Tunda an ƙayyade adadi, hanyar ƙara riba ita ce sayar da mota mai tsada. Honda ta fito da Acura a 1986, Nissan ta biyo da Infiniti. A Toyota, shugaban kamfanin Eiji Toyoda ya tara manyansa a 1983 ya ɗora musu aikin ƙera motar da za ta yi gogayya da mafi kyawun motocin Jamus. Injiniya Ichiro Suzuki ya jagoranci aikin, kuma a Janairun 1989 aka baje kolin Lexus LS 400 a Detroit, da farashin da bai kai dala 40,000 ba, ƙasa sosai da na babbar Marsandi. A tallanta an jera kofunan gilashi bisa juna a kan bonet, aka taka mata wuta, ko ɗaya bai motsa ba. Cikin watannin farko aka gano 'yan kurakurai, sai kamfanin ya janye dukkan motoci kusan 8,000 da ya sayar. Dillalai suka riƙa zuwa gidajen masu su suna ɗauka, su gyara, su wanke, su cika tanki su mayar. Abin da ya kamata ya zama abin kunya sai ya zama talla. Daga tsakiyar shekarun 1990, Lexus ta shafe fiye da shekara goma a jere tana zuwa ta ɗaya a ƙididdigar ƙarkon motoci ta kamfanin J.D. Power.

Wadda ta fi shafar mu ba LS 400 ba ce, ƙanwarta ce. Dillalan Lexus na buƙatar mota ta biyu mai sauƙin kuɗi da za su ajiye a shago, sai Toyota ta ɗauko Camry ta sa mata tufafin manya, ta kira ta ES 250. A 1991 ES 300 ta biyo baya, wadda a Japan ma da sunan Toyota Windom ake sayar da ita. Daga nan har zuwa 2012, duk zubin ES a kan ƙashin bayan Camry yake. Bayan nan aka mayar da ita kan na Avalon, wadda ita ma 'yar gida ɗaya ce.

Wannan ne ya bambanta gasar Lexus da Camry da ta Marsandi da Fijo. Waccan gida biyu ne, ko noti ɗaya ba su haɗa ba. Wannan kuwa uwa ɗaya uba ɗaya. Injin mai filogi shida na lita 3.0 da ke cikin ES 300 shi ne a Camry mai filogi shida ta zamaninta. Na lita 3.5 da ya zo da ES 350 a 2006 shi ne a Camry, da Avalon, da Sienna, da Highlander. Filtar mai, da filogi, da koyil, da kayan ƙafa da yawa duk suna shiga juna. Ga shi Camry ta yi shekaru masu yawa tana kan gaba a cinikin ƙananan motoci a Amurka tun daga 1997, saboda haka ragowar kayanta ya cika Ladipo a Legas, daga can ya gangaro Ƙofar Ruwa. A karon farko mai motar alfarma a Kano ko Zinder ya samu abin da mai Marsandi bai taɓa samu ba: bakaniken unguwarsu ya san cikin motarsa.

Jini ɗaya kuwa, cuta ɗaya. Injinan Toyota na tsakanin 1997 da 2002 sun yi fama da daskarewar baƙin mai idan aka jinkirta juye, abin da ya kai ga shari'a a Amurka har kamfanin ya tsawaita garanti, kuma ES 300 da Camry duk abin ya shafe su. Dashbod da ke narkewa ya yi danƙo a rana ya addabi Camry ta 2007 zuwa 2011, wadda 'yan kasuwa ke kira Muscle, ya kuma addabi ES 350 ta farko. Wanda ya ajiye ɗayansu a ranar Maiduguri ya san wannan. Akwai wata robar mai a injin lita 3.5 na farko da kan fashe ta zubar da baƙin mai, sai da kamfanin ya kira motocin ya canza ta. Wani wurin ma Lexus ce ta tsira: injin lita 2.4 mai filogi huɗu na Camry ta 2007 zuwa 2009 ya yi ƙaurin suna wajen shan baƙin mai, ita kuwa ES ta wancan zubi da aka sayar a Amurka ba a taɓa sa mata shi ba.

Inda suka rabu shi ne a abin da ya sa ake kiran ɗaya ta alfarma. Kujerun fata masu motsi da lantarki, da rufin da ke zugewa, da fitilu masu farin haske, da na'urorin sauti, kowanne ƙarin abu ne da zai iya mutuwa bayan shekara goma sha biyar. Fitilar gaba, da bamba, da madubin gefe na ES ba sa shiga na Camry, kuma kuɗinsu ya fi. Injin mai filogi shida a gicciye yake kwance, filogi uku na baya suna ɓoye a ƙarƙashin bututun iska, sai an kwance shi kafin a kai gare su, kuɗin aiki ya ƙaru. Tsofaffin ES 300 da ES 330 da bel suke aiki a ciki ba da sarƙa ba, kuma ana so a canza shi wajen kowane kilomita 145,000, abin da mai saye na uku ba ya ma sanin lokacinsa ya wuce. Yawancin Camry da ke yawo a nan masu filogi huɗu ne, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, wannan bambanci na filogi biyu ya zama abin da ake lissafawa a kowane gidan mai.

Duk da haka ES tana da wata fa'ida da ba a masana'anta aka saka mata ba. A Amurka masu sayenta sabuwa galibi dattawa ne masu hali, masu tuƙi a hankali da kai mota sabis kan lokaci. Camry kuwa kowa na saye, har da kamfanonin haya. Shi ya sa tsohuwar ES mai shekara goma sau da yawa takan fi sa'arta Camry lafiya. Sai dai wannan fa'ida takan ɓace a hanya, domin motoci da yawa daga wuraren gwanjon motocin haɗari da na ambaliya ake sayo su, a yi musu fenti, a mayar da agogon tafiya baya. Abin takaici ne a ce mutum ya tara kuɗin shekaru, ya sayi motar da ta kwana cikin ruwa, sannan a ɗora wa tambari laifi.

Ita Marsandi fa? Zuwan Lexus ya tilasta mata rage kuɗin ƙira, ta kuma ƙara dulmiya cikin lantarki. Wasu samfuran farkon shekarun 1990 sun zo da wayoyin da rigarsu ke marmashewa da zafi. Zubin E-Class na 1995 ya yi fama da tsatsa. Babbar S-Class ta 1998 ta zo da shokozoba ta iska, wadda idan ta huce sai a wayi gari mota ta durƙusa. Birkin lantarki na E-Class ta 2002 ya sa aka janye motoci fiye da miliyan a 2005. Kamfanin ya gyara da yawa daga baya, kuma har gobe babu mai raina zaman cikin Marsandi, amma gyaranta ya bar hannun mai sufana ya koma hannun mai kwamfuta. Tsofaffin bakanike sun fi yabon V-Boot a kan jikokinta, kuma suna da hujja.

Hanyar Kwatano ta ƙuntata tun da gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga Janairun 2017, tsadar dala kuma ta sa mutane na riƙe tsohuwar mota fiye da da. A can inda ake ƙera su ma abubuwa sun sauya. Camry ta 2025 da ake sayarwa a Amurka gaba ɗayanta mai haɗa fetur da batir ce, an daina sa mata injin mai filogi shida. Sabuwar ES da aka nuna a Shanghai a 2025 ta zo iri biyu, mai haɗin batir da mai lantarki zalla. Bisa yadda kasuwar gwanjo ke tafiya, waɗannan su ne za su cika filayen dillalan Kano da Kaduna nan da shekara goma, kuma yaran da ke koyon aiki a gareji yau su ne za a kai wa babban batirin idan ya fara rauni a zafin watan Afrilu.