Aikatau "Fi" da Darasin Fifiko na Ingilishi: Waiwaye a kan Salaga, Yendi da Bawku

Malamin da ke koyar da Ingilishi ga yaran zango a arewacin Ghana ya saba da wasu jimloli guda biyu. Ya ce a kwatanta tsawon Musa da na Audu, sai wani yaro ya rubuta "Musa is tall than Audu", wani kuma ya rubuta "Musa tall pass Audu". Malam ya sa jan biro, washegari a sake kawo masa irinsu. A ganina wannan kuskure yana da tarihi, kuma ɗalibin Hausa zai ƙaru da saninsa, domin tushensa yana cikin nahawun harshenmu.

A Ingilishi sifa ce ke ɗaukar nauyin fifiko. Ana liƙa mata ɗafa-ƙeyar -er ko -est, ko a gabatar mata da more ko most, sannan than ta shigo da abin da aka fi. Hausa kuwa aikatau ta ɗora wa wannan aiki. Muna cewa "Musa ya fi Audu tsawo": fi aikatau ne, Audu karɓau, tsawo kuma suna ne. Babu sifa ko ɗaya a jimlar. In ana nufin ƙololuwa sai a faɗaɗa karɓau, a ce "ya fi kowa tsawo" ko "ya fi su duka". In ratar kaɗan ce a ce ya ɗara shi, in kunnen doki ne a ce ya kai shi. Leon Stassen, a littafinsa na 1985 kan kwatanci a harsunan duniya, ya ware wa irin wannan tsari aji na musamman, kuma harsunan Afirka kudu da Sahara ne suka fi yawa a cikinsa.

Garuruwan nan uku sun daɗe da jin wannan aikatau a bakin fatake. A ƙarni na 19 Salaga, a ƙasar Gwanja, ita ce babbar kasuwar goron Ashanti, kuma ayarin da ya taso daga Kano ko Sakkwato yakan ratsa Yendi, fadar Ya Na sarkin Dagomba, kafin ya sauka can. Bawku tana arewa, kusa da iyakar Burkina Faso da Togo ta yau, kan hanyar dabbobi daga ƙasar Mosi. Ciniki kuwa kwatanci ne daga farko har ƙarshe: wane goro ya fi girma, wace turkuɗi ta fi sheƙi. (Ba za a ɓoye ba, a kasuwar Salaga har da 'yan Adam ake wa wannan awo, domin babbar kasuwar bayi ce.) Hausar da ta zauna a zangunan nan ta yar da wasu kaya a hanya. Sanannen misali shi ne jinsi, inda za ka ji an ce "Amina ya zo". Amma fi bai motsa ba, kuma ina ganin dalilin a bayyane yake: maƙwabta ma haka suke yi. Dagbanci yana amfani da gari, Kusal ta Bawku da gaad, Twi da sen, dukkansu aikatau ne masu ma'anar wucewa ko zarcewa. Yaron Bawku mai harshe uku ko huɗu hanyar kwatanci guda ya gada daga dukkansu.

Darussan harshe na farko tsakanin Turawa da mutanen wannan yanki sun tafi ne a akasin yadda muka sani yau, domin Baturen ne ɗalibi. Bajamushe Gottlob Adolf Krause, wanda ake kira Malam Musa, ya iso Salaga a 1886. A can ya yi hulɗa da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, malamin da daga baya ya shahara da sunan garin. Yaƙin basasa na 1892 ya tarwatsa Salaga, Alhaji Umaru ya koma Kete-Krachi, inda ya rayu har rasuwarsa a 1934. A nan ya koyar da jami'in Jamus Adam Mischlich, wanda ya fitar da ƙamus ɗin Hausa da Jamusanci a 1906. A ɓangaren Ingilishi, R. S. Rattray ya buga tatsuniyoyi da al'adun Hausa a 1913 daga rubutun Malam Shaihu, F. W. H. Migeod kuma, ma'aikacin gwamnatin Gwalkwas, ya fitar da nahawun Hausa a 1914. Marubutan nahawu na wancan zamani sun taso da ma'aunin Latin, saboda haka suka shigo Hausa suna neman matakan sifa guda uku. Da suka rasa, dole suka ajiye aikatau fi a gurbin. Wahalar da yaron zango ke sha yau, su ma sun sha ta, sai dai ta fuskar da ke kallon tasa.

Ingilishin aji ya makara ƙwarai a arewa. Jamusawa sun ci Dagomba da yaƙi a Adibo a 1896, yarjejeniyar 1899 ta raba ƙasar biyu, Yendi ta zauna a hannun Jamus har 1914. Makarantar gwamnati ta farko a Tamale sai 1909, ta koyon sana'a a Yendi kuma sai 1922, zamanin Gwamna Guggisberg. Kafin allo da alli su yaɗu, dubban 'yan arewa sun riga sun ji Turanci a wani wuri dabam: barikin soja da na 'yan sanda, ma'adinan zinariya na Obuasi da Tarkwa, da gonakin koko. Turancin da ke yawo a waɗannan wurare buroka ne, shi kuwa buroka da kalmar pass yake kwatanci, kuma tana zama daidai inda fi ke zama a jimlar Hausa. Bahaushe ko Badagombe bai bukaci darasi ba kafin ya iya ta. Wannan ita ce asalin jimla ta biyu. Ta farko kuwa ta ɗan makaranta ce: ya nemi kalma ɗaya da za ta ɗauki nauyin fi, ya samu than, ya ga babu dalilin taɓa sifar.

Akwai wata gada da ta daɗe a zangunan, wadda nake jin takaicin yadda aka bar ta. Almajirin da ya kai ga Alfiyyar Ibn Malik ya karanta babin af'alut tafdil. Ya san kabir tana komawa akbar, ya san min ce ke shigo da abin da aka fi. Wato ya san harshen da sifa ke sauya siga don fifiko, irin abin da -er da than ke yi. Amma makarantar boko da zauren malam sun daɗe ba su haɗa hanya ba. Sai a 1987 aka kafa sashen ilimin Musulunci a hukumar ilimi ta Ghana, wanda ke kula da makarantun da ke haɗa Larabci da Ingilishi. Manufar harshe ma ba ta taimaka ba. A 2002 gwamnati ta mayar da Ingilishi harshen koyarwa tun daga aji ɗaya, da aka dawo da harsunan gida bayan 'yan shekaru kuma, Dagbanci da Gwanjanci na cikin goma sha ɗayan da aka zaɓa, Hausa ba ta ciki. Harshen da yara da yawa ke tunani da shi a zango ya tsaya a bakin ƙofar aji.

Game da "more better" kuwa, wadda malamai suka fi tsana, yana da kyau a tuna cewa a zamanin Shakespeare ana rubuta irinta ba tare da kunya ba. Masu nahawu na ƙarni na 18, irin su Robert Lowth a 1762, su ne suka kore ta daga daidaitaccen Ingilishi.

Yanzu ruwan ya fara komowa ta inda ya fito, kuma a nan ne abin ya shafi ɗalibin Hausa kai tsaye. A takardun fassara da nake dubawa ina yawan cin karo da "Musa shi ne mafi tsawo fiye da Audu". Ɗalibi ya ɗauki mafi a matsayin more, ya ɗauki fiye da a matsayin than, sai ga fi sau biyu a jimlar da sau ɗaya ya ishe ta. Haka kuma less takan fito a matsayin "mafi ƙarancin tsada", alhali mai shago a Bawku cewa zai yi "wannan bai kai wancan tsada ba", ko ya juya zancen ya ce "wannan ya fi araha". Mafi tana da muhallinta, wato inda ake siffanta suna kai tsaye, kamar "gari mafi girma". A tsakanin abu biyu da aka ambata da suna kuwa, aikatau da karɓau da sunan hali sun wadatar: Salaga ta fi Kete-Krachi daɗewa a cinikin goro.