Kuskuren npm 5.7.0

Kuskuren npm 5.7.0 matsala ce da ta ɓulla a watan Fabrairun 2018, bayan fitowar sabon zubin npm, manhajar da masu rubuta shirye-shiryen kwamfuta da JavaScript ke amfani da ita wajen sauko da ƙunshin lambobin da wasu suka rubuta.

Zubin ya zo da wani sauyi da aka yi domin daidaita mallakar foldojin da npm ke ƙirƙira, sai gyara ya koma ɓarna. Duk wanda ya kunna manhajar da umarnin sudo a kan Linux, wato da cikakken ikon mai gida, sai ta bi manyan foldojin tsarin irin su /etc da /usr da /boot tana sauya mai mallakarsu. Daga nan wasu shirye-shirye suka daina tashi, wasu sabobin kuma sai da aka sake ɗora musu tsarin tun daga tushe.

Abin takaicin, zubin na gwaji ne, amma ba a yi masa alamar hakan a lambarsa ba, don haka ya isa hannun mutanen da ba su neme shi ba. Zubi na 5.7.1 ne ya janye sauyin.