Sankarar Jini: Yadda Allurar Kemo Ke Illata Hanji Da Ƙwayoyin Da Ke Kare Shi

Mai fama da sankarar jini a Jibiya ko ƙauyukan bakin iyakar Nijar yakan sami magani ne a manyan asibitoci, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Sau da yawa kuwa illar maganin ga hanji tana bayyana ne kwanaki bayan an ɗaura shi, lokacin da wasu sun riga sun koma gida.

Abin da ke faruwa a hanji

Magungunan kemo irin su cytarabine da methotrexate suna kashe ƙwayoyin halitta masu saurin hayayyafa. Fatar cikin hanji tana sabuntuwa duk bayan kwana 3 zuwa 5, don haka ita ma maganin ba ya ƙyale ta. Sai ta saɓule ta yi gyambo, majiyyaci ya kama gudawa da ciwon ciki da miki a baki.

A cikin hanjin ɗan Adam akwai tiriliyoyin bakteriya, galibinsu masu amfani. Suna narkar da harzar abinci su samar da sinadarin butyrate, wanda ke ciyar da bangon babban hanji, suna kuma hana miyagun ƙwayoyi samun gurbi. Kemo da magungunan kashe ƙwayoyin cuta suna rage yawansu da ire-irensu, sai irin su Enterococcus da Klebsiella da E. coli su mamaye wurin.

Inda haɗarin yake

Tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kemo, fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta kan yi ƙasa matuƙa. A daidai lokacin bangon hanji ya raunana, miyagun ƙwayoyin sai su ratsa shi su shiga jini. Wannan na iya kisa cikin sa'o'i. Shi ya sa likitoci ke ɗaukar zazzaɓin da ya kai digiri 38 a matsayin lamarin gaggawa, ko da ya yi kama da na cizon sauro.

Matakan kariya

Sayen Flagyl ko Ampiclox a kemis ba da umarnin likita ba yana ƙara karkashe ƙwayoyin kirki. Haka nan maganin tsayar da gudawa na iya ɓoye kumburin hanji mai tsanani. A kwanakin raunin garkuwa ana shawartar majiyyaci ya guji nonon da ba a dafa ba, da ɗanyen latas da kabejin da ba a wanke sosai ba, ya sha tafasasshen ruwa, masu jinya kuma su riƙa wanke hannu da sabulu. Ruwan gishiri da sukari yana mayar da ruwan jikin da gudawa ta zubar.

Idan zazzaɓi ya zo, ko jini a bayan gida, ko ciwon ciki mai tsanani, a garzaya asibiti mafi kusa da takardun maganin, ba tare da jiran wayewar gari ba.