Kufan Tsaunukan Eggon da Gurbinsu a Manhajar Tarihi

Duk matafiyin da ya baro Lafiya ya nufi Akwanga, da zarar ya kusanci garin Nasarawa Eggon zai hangi jerin tsaunuka sun tokare sararin sama. Waɗannan su ne tsaunukan Eggon. Mota ba ta kai mutum ƙololuwarsu. Sai dai a bi sawun ƙafa tsakanin manyan duwatsu, hanyar da mutum biyu ba sa jerawa a wasu wurare. Wanda ya jure wahalar hawan zai tarar da kufai: harsashin ɗakuna na duwatsun da aka jera, da kogunan dutse da aka riƙa fakewa a ciki, da gonaki hawa-hawa waɗanda aka tare ƙasarsu da jerin duwatsu don kada ruwan damina ya kwashe ta.

A manhajarmu, idan aka zo batun tsaron gari, ganuwa muke koyarwa: badalar Kano da aka fara a zamanin Sarki Gijimasu, da ganuwar Amina, da ta Kufena a Zariya. Wannan daidai ne, amma rabin labari ne. Ganuwa tarihin birni ce mai sarki da dawaki. Su kuwa mazauna tsauni ba su da rundunar doki, saboda haka suka zaɓi wurin da doki ba ya iya hawa, dutsen kansa ya zame musu ganuwa.

Dalilin hakan yana cikin tarihin ƙarni na 19. Bare-bari ƙarƙashin Muhammadu Dunama suka kafa Lafiya a ƙarshen ƙarni na 18, daga baya ta koma bin Bauchi. Abdu Zanga ya kafa Keffi, Makama Dogo ya kafa Nasarawa, dukansu suna kai gaisuwa Zazzau, kuma bayi na daga cikin abin da ake kaiwa. Daga ina bayin suke fitowa? Daga ƙauyukan da ke kewaye da waɗannan masarautu. Ke nan kufan da ke kan tsauni da ganuwar da ke ƙasa labari ɗaya suke bayarwa, kowanne daga nasa ɓangaren. Hatta sunan da Hausawa suka laƙaba wa Eggon, wato Madan Dutse, wanda Turawa suka ɗauka suka zuba a takardunsu, suna ne na mai hange daga ƙasa. Ba haka mutanen suke kiran kansu ba.

Bayan Turawan Ingila sun ci yankin a farkon ƙarni na 20, hare-haren bayi suka tsaya, jama'a suka riƙa gangarowa sannu a hankali zuwa filayen noma da bakin hanya. Masanin tarihi David Dorward ya yi nazarin yadda aka ci Eggon a wata maƙala ta shekarar 1984, amma da Turanci take, kuma ba kasafai take isa hannun malamin sakandare ba.

Abin kwatance shi ne Sukur, a tsaunukan Mandara na Jihar Adamawa, inda su ma aka sha fama da hare-haren Hamman Yaji na Madagali. A 1999 hukumar UNESCO ta sa Sukur cikin wuraren tarihi na duniya, wuri na farko a Nijeriya, saboda fadar Hidi da gonakinta hawa-hawa da hanyoyinta na dutse. Kufan Eggon ba su sami irin wannan gata ba, ga shi dattawan da suka san wane gida ne na wane dangi suna ta ƙarewa.

Shawararmu ga masu tsara manhaja ita ce a haɗa darasin ganuwa da na tsauni a zango guda. Makarantun Lafiya da Akwanga suna iya kai ɗalibai ziyarar wuni ɗaya da rani, tare da ɗan jagora daga cikin Eggon, ɗalibai su rubuta sunayen wuraren yadda masu su suke furta su, sannan su kawo bayaninsu da Hausa.